Talabijin Mai Araha: Yadda Ake Gane Na Kirki Kafin A Biya

Duk wanda ya shiga layin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya bi titin Beirut, ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, zai tarar da talabijin na bango a jere reras, duk a kunne, duk suna nuna hoto mai ɗaukar ido. Girmansu ɗaya, kwalayensu kusan iri ɗaya, amma sai ka ji kuɗin wannan ya kusa ninka na wancan. Idan ka tsaya kana jinjina, mai shago zai ce maka, "Alhaji, duk abu ɗaya ne, suna kawai ake saya." Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai rabinta ya faɗa.

Gaskiyar ita ce masana'antun da ke ƙera gilashin talabijin a duniya ba su da yawa. Akwai BOE da CSOT da HKC a ƙasar Sin, akwai AUO da Innolux a Taiwan, kuma a wurinsu kusan kowa ke saro gilashi. Hatta Samsung ya daina ƙera gilashin LCD da kansa tun 2022, saye yake yi. Don haka ba abin mamaki ba ne gilashin mai araha ya fito daga gida ɗaya da na mai tsada, ko da yake shi ma gilashin aji-aji ne. Abin da mai shago bai gaya maka ba shi ne inda aka rage kuɗin. Ana ragewa a fitilun da ke bayan gilashi, da bod ɗin da ke karɓar wuta, da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto. Sannan a rage a inda ya fi ciwo, wato babu wanda zai saurare ka ranar da kayan ya tsaya.

Ni ba na cikin masu cewa duk mai araha banza ne. A yawancin gidajenmu shi ne abin da aljihu zai iya ɗauka, kuma akwai masu araha da ke yin shekaru suna aiki lafiya ƙalau. Abin da ke damuna shi ne magidanci ya yi watanni yana tari, ko ango ya ci bashi don haɗa kayan kallo, shekara ba ta zagayo ba allo ya yi duhu, a koma shago a ce ba a san zancen ba. Ana iya kauce wa yawancin wannan asara idan aka san abin da za a duba.

Daga gida ake fara ciniki

Kafin ka fita, ka auna tazarar da ke tsakanin kujerar da za a zauna da bangon da za a rataye talabijin. Wannan awon shi zai hana ka biyan kuɗin abin da idonka ba zai gani ba. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. Wanda aka rubuta masa HD, kamar yawancin masu inci 32, yana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye. Full HD na da 1920 da 1080, kimanin ɗigo miliyan 2. Shi kuwa 4K na da 3840 da 2160, sama da miliyan 8. A takarda bambancin babba ne, amma ido yana da iyaka. Idan talabijin inci 43 ne kuma kana zaune nesa da shi da mita biyu zuwa uku, kamar yadda yawancin falonmu yake, da wuya ka bambance Full HD da 4K. Sai an kai inci 55 zuwa sama amfanin 4K ke fara fitowa sosai.

Sai ka tambayi kanka me za a riƙa kallo. Idan dikoda ce ta StarTimes ko GOtv ko DStv, ko risibar dish da ake kama Arewa24 da tashoshin wa'azi da na karatun Alƙur'ani, to hoton da ke zuwa galibi bai wuce 1080 ba, tashoshi da yawa ma a kan layi 576 suke. Talabijin na 4K ba zai ƙirƙiro abin da babu ba, shimfiɗa ƙaramin hoton zai yi ya cika allo. A nan ne ma masu araha suka fi nuna rauninsu: ƙwaƙwalwarsu ba ta iya wannan shimfiɗawar da kyau, sai fuskokin mutane su zama kamar an shafe su da mai. Sau da yawa inci 43 Full HD na kamfani mai mutunci ya fi inci 55 na 4K marar asali nuna Daɗin Kowa ko Labarina da kyau. Girman allo yana ƙara bayyana aibin hoto, ba ya rufe shi.

Zancen wuta

A ƙasarmu wuta ce ta fi kashe talabijin, ba tsufa ba. Saboda haka abu na farko da za ka karanta ba rubutun gaban kwali ba ne, takardar da ke manne a bayan talabijin ce. A nan za ka ga ƙarfin wutar da yake karɓa. Wutarmu bisa ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take sauka ta zama lo-karen da daddare, ta kuma yi sama ba zato. Wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240V yana iya ci gaba da aiki ko wuta ta yi ƙasa sosai. Wanda aka rubuta masa 220 zuwa 240V kaɗai zai riƙa ɗaukewa, kuma tilas ka haɗa shi da sitabilaiza. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata ka sa a lissafi tun kana shago.

Ko wanne ka saya, kada ka jona shi a bango kai tsaye. Akwai ƙaramar na'ura da ake sayarwa da sunan TV guard, wadda ke yanke wuta idan ta hau ko ta sauka fiye da kima, kuma idan NEPA ta dawo sai ta ɗan jira kafin ta saki. Wannan jiran yana da muhimmanci, domin lokacin dawowar wuta ne aka fi samun bugun da ke ƙona bod. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin gyara. Masu ƙaramin janareta su ma su kiyaye: a bari inji ya daidaita kafin a kunna kallo, a kuma kashe kallo kafin mai ya ƙare, domin lokacin da inji ke shaƙewa wutarsa hawa da sauka take yi.

A takardar nan ta baya za ka ga adadin wat. Mai inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50, mai inci 43 wajen 60 zuwa 80, mai inci 55 kuwa yana iya haura 100. Ga mai mita, wat 60 na awa takwas a rana ya kusa rabin yunit, wato wajen yunit 14 a wata. Ga mai sola lissafin ya fi haka nauyi. Batir mai 12V da 100Ah a takarda yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan irin na ruwa ne ko jel, rabinsa kaɗai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe talabijin mai wat 40 sama da awa goma, amma mai wat 120 da ƙyar ya kai awa biyar, ban da fanka da fitilu. Wanda gidansa a kan ƙaramar sola yake, ya nemi irin wanda ke karɓar 12V kai tsaye daga batir, ba sai ta inbata ba. Yawanci ba sa wuce inci 24 zuwa 43, amma sun fi dacewa da shi nesa ba kusa ba.

Gwaji a cikin shago

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma yana bukatar ka zo da kayanka. Ka tafi da tef ɗin tela, wanda tsawonsa inci 60 ne, da filasha. A cikin filashar ka zuba hotuna shida da babu komai a cikinsu sai launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da ruwan toka. Ka ƙara da guntun wasan ƙwallo, da guntun fim ɗin Hausa na da wanda hotonsa ba shi da ƙarfi, da wani bidiyo da mutum ke magana kawai. Duk wani mai tura finafinai zai haɗa maka su cikin minti kaɗan.

Sharaɗi na farko, wanda za ka tafi da shi gida shi za a gwada, ba na kan kanta ba. A buɗe kwali a gabanka. Idan aka ce sai ka biya sannan a buɗe, ku yi magana tun farko cewa in an sami matsala za a canza nan take, kuma maganar ta kasance da mai shagon kansa, ba yaron shago ko ɗan kamasho da ya tare ka a bakin layi ba.

Fara da awo. Ana auna inci ne daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, gilashi kaɗai ban da firam. Raguwar rabin inci ba komai ba ce, haka ake ƙera su: mai 32 yakan zama 31.5, mai 43 ya zama 42.5, mai 55 ya zama 54.6. Amma idan kwali ya ce 43 tef ya ce 40, wannan ha'inci ne, kuma wanda ya ha'ince ka a abin da tef ke iya tonawa, ka san abin da ya yi a cikin da ba ka gani.

Daga nan ka karɓi rimot ka sauya yanayin hoto. A shago ana barin talabijin a kan tsarin da ke ƙure haske da launi don ya ja ido, a menu za ka ga an rubuta Vivid ko Dynamic. Mayar da shi Standard ko Movie, domin a haka za ka zauna da shi. Sai ka sa hotunanka ɗaya bayan ɗaya, ka matso kusa. A kan fari da ja da kore da shuɗi kana neman ɗigon da ya mutu, baƙi tsit, ko wanda ya maƙale a launi ɗaya. Ko guda ɗaya ka gani a tsakiyar allo, a canza maka, domin da ka fita da shi kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar ɗigo ɗaya ko biyu a matsayin lalacewa. A kan baƙi kana neman haske mai tsiyayowa daga gefe ko kusurwa. Kaɗan ba ya ɓaci, kusan duk mai araha yana da shi, amma idan ya yi faci-faci har tsakiya, kallon dare zai zama wahala. Ka sa hannu biyu ka kare hasken shagon don ka gani sosai.

Ruwan toka shi ne mai tona asiri. A kansa ne za ka ga ko fitilun baya sun wadata. Talabijin da ake kira LED, gilashin LCD ne da aka jera ƙananan fitilu a bayansa. Kamfanin da ke son rage kuɗi yakan rage yawan fitilun ya tsananta wutar da ke shigarsu don haske ya kai. A kan toka sai ka ga wurare masu haske da masu duhu, ko kusurwoyi huɗu sun dushe. Irin wannan ba muni kawai gare shi ba, alama ce ta fitilun da ake wahalarwa, kuma su ne ke fara ƙonewa. Sa wasan ƙwallon nan ka dubi koren fili lokacin da kyamara ke bin ƙwallo. Idan kana ganin wasu tabo-tabo da ke tsaye wuri ɗaya fili na wucewa ta bayansu, masu kallon Firimiya ba za su ji daɗinsa ba. Ka dubi ƙwallon ita kanta, ko tana jan wutsiya idan aka buga ta da ƙarfi. Kada lambobin 120 ko 240 da ake bugawa a kwali su ruɗe ka, kusan duk masu araha sau 50 ko 60 suke sauya hoto a daƙiƙa, sauran dabarar talla ce.

Yanzu ka koma gefe, ka kuma durƙusa ka kalle shi daga ƙasa. Mutane da yawa ba sa yin wannan, alhali a gidajenmu ba kowa ke zama a tsakiyar kujera ba. Yara na kan tabarma, uwargida na gefe, baƙi na bakin ƙofa, talabijin kuma can sama a bango. Gilashi iri biyu aka fi samu. Nau'in VA yana da baƙi mai zurfi, ya fi daɗin kallo da daddare ga wanda ke fuskantarsa, amma daga gefe launinsa kan koɗe. Nau'in IPS baƙinsa ya fi kama da toka, amma launinsa na nan daram ta kowace kusurwa. Ga falon da ake taruwa, ko gidan kallon ƙwallo, IPS na fi zaɓa. Ba kasafai ake rubuta nau'in a kwali ba, idonka ne zai gaya maka.

Sannan ka sa tsohon fim ɗin nan. Bidiyon da masu shago ke sawa, na furanni da tsuntsaye da ruwa mai gangarowa, an zaɓe shi ne don ya yi kyau a kowane allo. Abin da za ka kalla a gida ba haka yake ba. Idan talabijin ya nuna tsohon fim fuskoki na fita da kamanninsu, fatar mutum ba ta koma ja ko ruwan lemo ba, rubutun ƙasa na karantuwa, to ƙwaƙwalwarsa ta yi. A ƙarshe ka ƙure sauti da bidiyon mai magana. Sifikun masu araha ƙanana ne, ba a sa ran su girgiza ɗaki, amma murya ta fita tas, bayan talabijin kada ya riƙa karkarwa. Ka tuna a gida akwai ƙarar fanka da ta janaretan maƙwabta.

Ka bar shi a kunne duk tsawon lokacin da kuke ciniki, sannan ka taɓa bayansa. Ɗumi daidai ne, zafi mai sa ka janye hannu ba daidai ba ne, musamman ga na'urar da za ta yi bazara a ɗakin da ke kai digiri 40. Kuma kada sirantaka ta burge ka. Masu sirara sosai fitilunsu a gefe ɗaya ake cusa su, zafi ya taru wuri guda. Masu gwajin kayan lantarki na RTINGS da ke Kanada sun sa talabijin 100 a gwajin ƙarko tun ƙarshen 2022, kuma sun gano irin waɗannan na fitilar gefe sun fi saurin samun matsala. Mai ɗan kauri, wanda fitilunsa ke shimfiɗe a baya, ya fi sauƙin gyara kuma ya fi jure zafi.

Suna na gaske da na manne

Akwai talabijin da sunansa ba sananne ba ne amma nasa ne, akwai kuma wanda aka manna masa sunan babban kamfani. Na farko ana iya saye idan ya ci gwaji. Na biyu kada ka kusance shi ko da rabin kuɗi ne. Sunan da ke fitowa a allo lokacin kunnawa ba hujja ba ce, domin akwai bod na gama-gari da kowane mai gyara zai iya sa masa tambarin da ya ga dama. Abin da za ka duba shi ne lambar samfuri da lambar siriyal. Su zama iri ɗaya a wuri uku: jikin kwali, takardar baya, da cikin menu inda ake nuna bayanin na'urar. Ka buga lambar samfurin a wayarka ka ga ko kamfanin ya san da ita. Manhajar ma shaida ce: LG na amfani da webOS, Samsung da Tizen, Hisense yawanci da VIDAA. Idan ka ga sunan LG ko Samsung a goshi amma ciki Android irin na waya, ka san jabu ne.

Haka nan rubutun ado. Kalmar HDR a kan mai araha galibi tana nufin zai iya karɓar irin wannan bidiyo ne, ba wai yana da hasken da zai nuna shi yadda aka tsara ba. QLED kuma ba OLED ba ne, LCD ne da aka ƙara masa wani shafi don launi ya ƙara fita. Kada ka ƙara ko sisi saboda waɗannan haruffa sai idonka ya ga bambanci.

Smart ko wanda ba smart ba

Nan ma ana zubar da kuɗi. Masu araha da yawa ƙwaƙwalwarsu 1GB ce, ma'ajiyarsu 8GB. Ran farko suna gudu, bayan an sabunta manhajoji sau biyu uku sai ka danna rimot ka tsaya jira. Mafi muni su ne waɗanda aka ɗora musu Android na waya, ba Android TV ko Google TV mai lasisi ba. Za ka gane su da kibiyar linzami da sai ka riƙa ja da rimot, kuma YouTube ko Netflix kan daina aiki a kansu ba tare da gyara ba. A shago ka buɗe hotspot ɗin wayarka, ka jona, ka buɗe YouTube, ka nemo wani abu da kanka. Minti biyu sun isa ka san ko za ka iya zama da shi.

Ka yi lissafin data kuma. Netflix da kansa ya ce kallon HD na iya cin 3GB a awa ɗaya, 4K kuwa har 7GB. Gidan da ba shi da intanet marar iyaka ba zai riƙa kallon 4K ba, ko allon na iya nunawa. Shawarata ga wanda kuɗinsa ya taƙaita ita ce ya fifita kyan gilashi da ƙarfin bod a kan smart. Daga baya ana iya sayen ɗan akwatin Android ko sandar da ake sokawa a HDMI, in ta tsufa a canza ta ita kaɗai. Gilashi kuwa ba ya canzuwa cikin sauƙi.

Wannan ya kawo mu ga ramukan baya. HDMI aƙalla biyu, uku ya fi, ɗaya a ciki mai rubutun ARC don haɗa sifika nan gaba. USB ɗaya ko biyu. Idan kana da tsohuwar risiba ko DVD, ka tabbata akwai ramin waya mai ja da fari da rawaya, domin sababbi da yawa sun daina zuwa da shi. Wanda ke da DVB-S2 a ciki yana kama tashoshin dish na kyauta ba tare da risiba ba, abin da ke rage waya da cin wuta. A gwada kowane rami a gabanka, ko da mai shago ya nuna gajiya.

Na hannu fa?

Tokumbo na babban kamfani yakan zo daidai da kuɗin sabo mai araha, kuma wani lokaci hotonsa ya fi kyau. Amma fitilunsa sun riga sun ci wani ɓangare na rayuwarsu, kuma babu garanti sai na kwana biyu ko uku da mai shago zai ba ka da baki. Na Ingila da sauran Turai wutarsu irin tamu ce. Na Amurka an yi su don bolt 120, na Japan don bolt 100, kuma na'urar kama tashar da ke cikinsu ba ta aiki da eriyarmu. A karanta takardar baya kafin a jona. A dubi sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Idan kuma ka gamu da filasma ta ainihi, mai nauyi da gilashi mai kauri, ka tuna Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta kafin ƙarshen 2014. Duk wadda ka gani ta haura shekara goma, tana shan wuta ninkin LED, kayan gyaranta kuma sai an sha wahala.

Wanda zai tsaya maka

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk abin da na lissafa, wannan zan zaɓa. Kafin ka je shago, ka biya ta wurin mai gyaran talabijin na unguwarku ka tambaye shi abu biyu: wane iri aka fi kawo masa, kuma wane iri ne ake samun bod ɗinsa da fitilunsa da rimot ɗinsa a kasuwa. Shi ba sayar maka zai yi ba, kuma shi ne ke ganin cikin kayan kullum. Talabijin da ake samun kayan gyaransa, ko ya lalace bai mutu ba. Misali, lalacewar da ta fi yawa ita ce a ji sauti babu hoto. Idan ka haska tocila a jikin allo ka ga hoto dishi-dishi, fitilun baya ne suka ƙone, canza su kuma ƙaramin aiki ne in akwai irinsu. In babu, sai a jingine shi a bayan ƙofa.

A shago ka tambayi garanti, kada ka tsaya a "akwai". Wata nawa ne? Wa ke bayarwa, kamfani ko shago? Ina ofishin gyaransu yake, a garinku ko sai an aika Legas? Manyan dillalai irin su Fouani, masu kawo LG da Hisense, suna da wuraren gyara nasu, kuma wani ɓangare na ƙarin kuɗin da kake biya na wannan ne. A cike katin garanti a buga masa hatimi. A rasit a rubuta sunan shago, kwanan wata, lambar samfuri da lambar siriyal, ba "TV 43" kawai ba. Ka san kuma garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, ko ƙonewa ta dalilin wuta ko tsawa. Idan aka sayar maka da kaya mai aibi aka ƙi sauraronka, dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba ka damar kai ƙara hukumar FCCPC, Kano ma tana da hukumarta ta jiha, amma duk ba za su iya taimakonka ba in babu rasit.

Sai ka yi lissafin ƙarshe da shekaru, ba da farashin yau ba. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani naira 150,000 ne ya yi shekara biyu, wani 210,000 ya yi shida. Na farko ya ci maka 75,000 kowace shekara, na biyu 35,000. Shi ya sa idan kuɗina ya tsaya tsakanin inci 55 da ba a san gidansa ba da inci 43 mai garanti da wurin gyara, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Idan an gama ciniki, a mayar da shi kwalinsa da kumfarsa, a ɗauke shi a tsaye. Kada a kwantar da shi a bayan adaidaita sahu ko a ɗora masa kaya, domin gilashin siriri ne, rami ɗaya a hanya ya isa ya tsaga shi ta ciki, canjin gilashi kuma ya kusa kuɗin sabo. A rataye shi inda rana ba ta dukansa, a bar sarari a bayansa don iska, tsakiyar allo kuma kada ta yi nisa da saitin idon wanda ke zaune. Ka shiga menu ka rage hasken fitilar baya zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari, wannan kaɗai na ƙara wa fitilun kwana ya kuma rage cin wuta. Da hunturu a riƙa share ƙura daga ramukan iska da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa a allo. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo, kashe soket bai isa ba, a zare wayar dish da ta HDMI, domin ta nan tsawa ta fi shigowa.

A makon farko ka yi ta kunna shi awanni masu yawa, ka gwada kowane rami da kowane maɓalli na rimot, domin aibin da ya taho da shi daga masana'anta a farkon amfani ya fi bayyana. Kada ka yar da kwali har garanti ya ƙare. Idan ka ga layi a allo, ko yana kashe kansa, ko wani gefe ya fara duhu, kada ka ce bari a ga gobe. Ka mayar da shi shago a ranar, da rasit ɗinka a hannu.